Daga Bakin Tasha: "Saura Mutum Ɗaya"



Duk wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta ratsa Sokode, Kara da Sansanin Mango ta kai Dapaong, ya san cewa tun a tasha wahalar tafiya ke farawa, wurin jiran mota ta cika. A da iyayenmu kan yi sammako su zauna a benci har Allah Ya kawo cikon fasinja. Yau kusan kowa na da lambar wani direba ko ɗan kamasho a wayarsa. Kafin uwargida ta ɗaure kaya ta riga ta kira ta ji mutum nawa suka rage. Da wannan amsa za ta yanke shawara: ta fito yanzu, ko ta ƙara kuɗi ta yanki tikitin babbar bas mai tashi a kan lokaci, ko ta bari sai gobe.

A Lome, manhajar Gozem da ta soma aiki a 2018 tana nuna wa fasinja a taswira inda babur ɗinsa yake. Mu a tashoshin arewa bakin mutum ne abin dogaronmu, kuma a nan matsalar take. Sai a ce maka "Alhaji, yi maza, saura mutum ɗaya," ka rufe shago ka hau zemijan, ka tarar da kujera huɗu babu kowa. Motar da aka ce ta hantsi ce sai ta tashi bayan La'asar. Tsakanin Sokode da Dapaong kuwa kusan kilomita 300 ne, ke nan dare zai yi wa mace da goyonta a yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022. Da an gaya mata gaskiya, da ta kwana a ɗakinta.

Saƙonnin murya na WhatsApp su ma suna juya akalar matafiya. Amfaninsu a fili yake: lokacin da ambaliya ta karya gadar Amakpape a watan Yulin 2008 hanyar Lome ta yanke, kuma irin wannan labari in ya iso da wuri yana hana mutum kwana a daji. Sai dai saƙon da babu rana babu wuri a cikinsa kan yi ta yawo makonni, ya hana 'yar kasuwa fita alhali hanya lafiya lau take. Suratul Hujurati ta hore mu da bincika labari kafin aiki da shi, kuma labarin hanya yana ciki.

Mun lura gogaggun matafiya sun canza tambaya. Yanzu sukan ce wa ɗan kamasho, "Mutum nawa suka biya?" Sannan su kira wani ɗan'uwa da ya riga ya wuce Bafilo ko Kante a ranar, su ji yadda ya baro hanya da kuma ƙarfe nawa motarsu ta tashi.