Lesin: Magani Ne Ko Cinikin Haƙƙin Ɗan Talaka?

A garinmu Musawa, da zarar an tashi daga makaranta sai yara su kasu gida biyu. Wasu su ci abinci su nufi zauren malamin lesin, wasu kuwa su saɓa fartanya su bi iyayensu gonar dawa ko ta auduga. Ranar jarrabawa takarda ɗaya za a miƙa musu duka, sannan a ce wanda ya faɗi malalaci ne. A kan wannan zalunci nake son yin magana, ni da na ci moriyar lesin ina yaro, yau kuma nake cin abinci da shi.

Ba zan musanta amfaninsa ba. A ajin da ya cika har wasu na zaune a ƙasa, malami ba ya da sukunin tsayawa kan yaro ɗaya. Ni kaina lissafi ya gagare ni, sai da mahaifina ya sayar da buhun masara ya biya mini lesin na wata uku, sannan kaina ya buɗe. A shekarar 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, aka kuma sake rufe su bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba, lesin ne ya hana yara da yawa manta karatu. Haka kuma, tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB, yaron ƙauye kuwa dole ya nemi inda zai koyi taɓa ta.

Sai dai maganin da aka mayar abinci ya zama cuta. Na yi wani malami da kan rubuta kan darasi a allo, ya karkaɗe alli daga hannunsa, ya ce sauran bayani sai da yamma. Da yamman kuwa sai mai kuɗi. Wannan ciniki ne na abin da aka riga aka biya shi albashi a kai, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Irin wannan lesin ya dawo da kuɗin makaranta ta bayan gida.

Wa abin ya fi ƙuntata wa? Manomi, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, da kaka, shi kuwa mai lesin duk ƙarshen wata yake miƙa hannu. Idan aljihu bai ɗauki yara biyu ba, mun san wadda ake bari a gida: 'ya mace. Wanda aka biya wa ma bai tsira ba. Boko da safe, lesin da azahar, Islamiyya da la'asar, karatun allo da dare. Yaushe zai huta? Sau da yawa kuma abin da ake ɗura masa haddar amsoshin tsofaffin jarrabawa ne kawai, daga nan zuwa satar amsa taki ɗaya ne.

Wani zai ce kowa da kuɗinsa, uba na da ikon nema wa ɗansa gata. Gaskiya ne, ban ga laifin uba ba. Amma idan masu faɗa a ji suka samar wa 'ya'yansu mafita da yamma, wa zai ɗaga murya idan malami bai shiga aji da safe ba? Da haka makarantar gwamnati ke mutuwa a tsaye, a jihar da Kwalejin Katsina ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Ba na kiran a haramta lesin. Koriya ta Kudu ta gwada haka a 1980, sana'ar ta koma ɓoye, har kotu ta soke haramcin a 2000. Abin da nake kira a yi uku ne. Hukumomin ilimi su hana malami karɓar kuɗi daga ɗaliban ajinsa. Gwamnati ta biya shi albashin da zai riƙe gidansa, domin ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyoyin iyaye da malamai kuma su shirya darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO, matasa irina da masu bautar ƙasa su koyar, manoma su tallafa da hatsi idan kaka ta yi. Tsarin ba baƙo ba ne a gare mu: malamin allo yana karɓar kuɗin Laraba, amma ba mu saba jin ya kori yaro don ya zo hannu rabbana ba.

Na fara da kaina. A zaurena, duk yara huɗu masu biya akwai na biyar da ke zaune kyauta, kuma babu wanda ya san ko wane ne. Saura shugabannin makarantu da iyayenmu na Musawa su tambayi kowane malami abin da ya koyar da safe.