Wai Sojan Dole Zai Ba Samari Sana'a? Wace Sana'a?

Akwai wata magana da manyan ƙasar nan suke ta jujjuyawa a zauruka masu sanyi a Abuja, mu kuma da za a yi aikin a kanmu ba wanda ya tambaye mu. A shekarar 2025 tsohon shugaban sojan ƙasa, Janar Azubuike Ihejirika, ya fito yana kira da a wajabta horon soja a kan matasan Nijeriya. Nan take 'yan amshin shata suka ɗauka, wai idan saurayi ya sha fareti zai fito da tarbiyya, da juriya, har da sana'ar da zai ci abinci da ita. To mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da muka san ƙarar bindiga fiye da su, muna da tambaya.

Ba a taɓa yin dokar sojan dole a ƙasar nan ba. Abin da ya fi kusa da shi shi ne bautar ƙasa, wadda gwamnatin Gowon ta kafa a 1973. Sati 3 ake yi a sansani, soja na daka tsawa, ana hagu-dama cikin rana. Yau sama da shekara 50 ke nan. A nuna mana mutum ɗaya da ya ciyar da iyali da wannan faretin! Ai su da kansu sun gane ba ya kai su ko'ina, shi ya sa a 2012 suka cusa shirin koyar da sana'o'i a cikin sansanin.

Mu yi adalci, ya ɗan'uwa, kada a ce son zuciya ya ja mu. Gaskiya ne bariki yana fitar da masu sana'a. Soja ba ya tafiya sai da direba, da makanike, da mai walda, da ma'aikacin jinya, da mai gyaran rediyo, da injiniyan gada. Irin waɗannan idan sun tuɓe kaki, hannunsu ba ya rasa abin yi. Kakanninmu da Bature ya kwasa zuwa yaƙin Bama, da suka dawo bayan 1945, waɗanda suka koyi tuƙi da kanikanci sun samu abinci a manyan motoci. Sauran fa, waɗanda aka koya wa ja kunama kawai? Da yawansu sun dawo da lambar yabo a ƙirji, aljihu kuma wayam. Har yau rundunar soja tana da cibiya a Oshodi, can Ikko, inda take koya wa sojoji sana'a kafin su yi ritaya. Ka tsaya ka yi tunani. Mutum ya shekara 30 a bariki, amma sai an sake zaunar da shi an koya masa kiwon kaji ko ɗinki kafin a sake shi. In da kaki shi kaɗai sana'a ne, me ya kawo Oshodi?

Suna son kafa hujja da ƙasashen waje. Madalla, mu je can ɗin. Za su ce maka a Isra'ila samarin da suka fito daga runduna ta 8200 su ne ke kafa kamfanonin kwamfuta. Abin da ba za su faɗa maka ba shi ne, tun daga makarantar sakandare ake tsince waɗannan yara, waɗanda suka riga suka ƙware a lissafi, kuma in sun fito akwai masu jari suna jiran su a ƙofa. Za su ce maka Amurka ta ci moriyar tsofaffin sojojinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Haka ne, amma da me? Da dokar 1944 da ta biya wa kusan mutum miliyan 8 kuɗin karatu da koyon sana'a, ta kuma lamunce musu bashin gida. Aji ne ya ɗaga su bayan sun baro filin daga. Ƙasar da ba sa son ambata kuwa ita ce Iritiriya, inda dokar 1995 ta ce wata 18, amma tun bayan yaƙinsu da Habasha a 1998 aka mayar da abin babu ranar fita, har samarinsu suka gwammace hamadar Libiya da teku.

Ba ma sai mun yi nisa ba. Kafin yaƙin basasa sojan Nijeriya bai fi dubu 10 da 'yan kai ba, zuwa 1970 ya kai wajen dubu 250. Makamai suka bazu, aiki babu. A shekarar ce gwamnati ta yi dokar kisa a kan fashi da makami, aka shiga ɗaure mutane a jikin ganga a bakin teku a Ikko ana harbewa.

Yanzu mu dawo gida, inda zancen ya fi ci mana rai. A ranar 10 ga Oktoba, 2023, Gwamna Dikko Umaru Radda ya yaye samari sama da 1,400 a rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, daga ƙananan hukumomi 8 da ke bakin daji, ciki har da namu uku. 'Yan'uwanmu ne, tare muka taso, wasunsu sun ba da rayukansu suna kare garuruwansu, Allah Ya jiƙan su. Wanda ya tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai raina aikinsu ba. Amma wa ke tunanin gobensu? A 2025 mun ga an zauna sulhu da 'yan bindiga a Faskari da wasu ƙananan hukumomi. In wutar ta mutu, ko wata gwamnati ta zo ta ce ba kuɗin alawus, saurayin da ya ƙware a harbi da sanin lungunan daji, ba takarda, ba jari, wa zai ɗauke shi? Masu sayen irin wannan ƙwarewa a yankinmu biyu ne, kowa ya san su: ɗan siyasa idan zaɓe ya ƙarato, da mutumin daji. Labarin 'yan sa-kai bai isa ya zama darasi ba?

Abin takaicin shi ne aikin yana nan zube. Injinan ban-ruwa suna lalacewa ba mai gyara na kusa. Masarar Sabuwa da Ɗandume tana buƙatar direba da makanike. Ana ta kafa fanfunan sola a ƙauyuka, in sun tsaya sai an jira mai gyara daga birni. Asibitocin karkara ba ma'aikata. Farar ƙasar Ƙanƙara ana lodinta ɗanya zuwa wasu jihohi. Duk wannan hannu yake jira, kuma ba ɗaya da ake koyo da hagu-dama.

Don haka idan masu mulki da gaske suke, su fara da waɗanda ke cikin kaki yanzu. A ware wa kowane ɗan rundunar kwanaki a wata ya koyi sana'a guda, a kai shi ya ci jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ya riƙe takardarsa, a rubuta masa shekarar sallama da abin da zai fita da shi. In sun kasa yi wa dubu ɗaya da 'yan kai, da wace fuska za su tara miliyoyi?

Kai kuma ɗan'uwa da ke riƙe da fom ɗin soja, ko kake jiran a sake ɗiban 'yan rundunar jiha, ba mu ce kada ka je ba. Amma ka sani cewa a fom ɗin soja akwai layin masu sana'a da na marasa sana'a, kuma wanda ya shiga da takardar kanikanci ko jinya ba ɗaya yake da wanda ya shiga hannu rabbana ba. Watannin nan da kake zaman jira a majalisa, garejin unguwarku yana buɗe tun bayan sallar Asuba. Jibi Lahadi ka je ka gaida maigidan, ka ce ka zo koyo.