Tagwayen Haske: Ina Kalmominmu?

 Da na je hutu gida Bagudo, wani ɗan kasuwa da ke bin hanyar Tsamiya zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin ya tambaye ni ko akwai hanyar sadarwa wadda ɓarawo ba ya iya satar sirrinta, tunda dukiyarsa a waya take tafiya yanzu. Na san amsa da Turanci, amma da Hausa sai bakina ya mutu.

Ga abin da na so in gaya masa. A 2022, masanan cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus sun tsare ƙwayar zarra ɗaya ta sinadarin rubidiyam tsakanin madubai biyu, suna haska ta da leza, har ta fitar da ƙwayoyin haske 14 a sarƙe da juna. A shekarar dai, a birnin Munik, an sarƙe ƙwayoyin zarra biyu ta zaren gilashi mai tsawon kilomita 33. Ma'anar sarƙewar ita ce, in an auna ɗaya, sakamakon zai dace da na 'yar'uwarta komai nisa. Da haka mutum biyu ke iya samun mabuɗin sirri ɗaya, wanda ya saci ji a tsakani kuwa lalle ya bar sawu.

Wani zai ce ai Bagudo wutar lantarki da hanya take bukata, abin nan kuma bai kai ga hannun jama'a ba tukuna. Haka ne. To amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba mu raɗa wa suna ba, gobe tsafin Turawa za a kira shi.

Ni dai na kawo “tagwayen haske”, ko da yake sunan yana da rauni, domin tagwaye da kamanninsu ake haifuwarsu, su kuwa waɗannan sai an auna sakamako ke tabbata. Saboda haka ina roƙon Sashen Hausa ya zauna da malaman fiziya a tace kalmomin nan, don in na koma gida in ba mutumin nan amsa da harshenmu.