Wa Ke Duba Tankin Mai Faci?

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, ma'aikatan reluwe suka san tukunyar tururi ba abar wasa ba ce. Yau kuwa, daga Nguru har Gashuwa, tankin iska na bakin titi wurin masu faci, wani ma an sha yi masa walda. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta duba irinsa a masana'anta duk wata 26. To, wa ke leƙa na mai faci? Ruwa na kwanciya a gindinsa, tsatsa na cin ƙarfe daga ciki, ranar da ya fashe ba ya sallama. Ya kamata ƙananan hukumomin Nguru da Bade su tara masu sana'ar, a koya musu tsiyaye ruwan kowace yamma.