KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: INA LISSAFIN GANDAYEN DAJINMU?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata tambaya da muke so mu ajiye a gaban shugabanninmu, kuma ba mu da niyyar ɗauke ta sai an ba mu amsa. Kowace shekara, idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, Gwamna yakan shiga Majalisar Dokoki da tulin takardu, ya karanta wa jama'a cewa an ware kaza domin bunƙasa yawon buɗe ido, an ware kaza domin farfaɗo da gandayen daji. A yi tafi, a buga a jarida, a watse. Shekara ta zagayo, a sake karanta mana irin wannan karatu. To, na bara fa? Nawa aka fitar daga baitulmali da gaske? Me aka yi da shi? Nawa aka tara a ƙofofin waɗannan wurare, kuma a wane asusu ya kwana? Wannan ita ce tambayarmu.

Kada wani ya zaci zancen nan raha ne. A watan Yuni na 2019 duniya ta yi mana dariya, yayin da labari ya bazu cewa wai goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8, kuɗin ƙofa na kwanakin Ƙaramar Salla, a gidan namun daji na Kano. Daga baya Gwamnan Jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ko goggon biri ɗaya a gidan, ya kuma ba da umurni a yi bincike. Mutane sun yi dariya har da riƙe ciki, amma kaɗan ne suka tsaya suka yi tambayar da ta kamata: wane irin tsari ne zai bar kuɗin jama'a na kwana da kwanaki a jibge a ofis maimakon banki? Ai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mu ma mun gani da idonmu. A wata tafiyar ƙaro ilmi da ƙungiyarmu ta kai wani wurin shaƙatawa na gwamnatin wata jiha, wanda ba za mu kama sunansa ba, mun biya kuɗin shiga a hannu, mutum fiye da talatin. Da muka nemi rasit, sai mai ƙofa ya ce littafin ya ƙare tun makon jiya. A ciki kuwa famfo ba ruwa, motar zagayawa tana kan duwatsu, ma'aikatan da muka tarar suna kukan alawus. Ba mu zargi mai ƙofa ba, domin shi ma abin tausayi ne. Wanda ya bar shi ba littafi, ba mai dubawa, shi ne abin tuhuma.

Bari mu ɗauki babban misali, watau Yankari ta Jihar Bauci, domin ita ce abin tinƙahon Arewa baki ɗaya. An keɓe wannan daji a 1956, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa ne Kogin Gaji yake ratsawa, inda giwaye da ɓauna da gwanki da kanki suke taruwa da rani. A cikinsa ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ruwanta yake garai-garai, ɗuminsa yana wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai kogunan duwatsu da mutanen da suka sassaƙa suka zauna a ciki, akwai tsofaffin rijiyoyin Dukkey, akwai kufan matoyar tama na kakanni. Yankari na ɗaya daga cikin wurare biyu kacal da masana suka tabbatar zaki ya saura a Nijeriya. Ɗayan shi ne gandun Tafkin Kainji. Wannan dukiya ba gwamnati ce ta ƙirƙire ta ba. Allah ne ya ajiye ta, magabata suka tsare mana, gwamnati kuwa 'yar riƙon amana ce kawai.

A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Yankari ta mai da ita gandun daji na ƙasa. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, Jihar Bauci ta nema aka mayar mata da abinta. Aka sabunta masaukin Wikki, aka kuma kawo raƙuman dawa da jakunan dawa da sauran dabbobi daga ƙasar Namibiya aka zuba a gandun Sumu. Duk wannan ya yi kyau a ido. Amma ƙirgen da aka yi ta jirgin sama a 2006 ya sami giwaye kusan 350 a Yankari, kuma bayan kimanin shekara goma ƙiyasin masana ya dawo tsakanin 100 da 150. Masu farautar haure sun yi ɓarna a shekarun nan. Sai a 2014, da Gwamnatin Jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedkwata a Amurka, aka tsara sintirin malaman daji, aka riƙa ba su guzuri da alawus a kan kari, sannan kisan giwaye ya lafa.

Mu tsaya a nan mu yi tunani, 'yan'uwa. Abin da ya ceci giwayen nan ba wani sihiri ba ne. Takalmi ne, da guzuri, da man mota, da alawus da ake biya ranar da aka ce za a biya, da kuma rubuta inda kowane ɗan sintiri ya taka. Shin wannan ya fi ƙarfin gwamnatin jiha? Mun yaba wa waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar, domin sun yi abin da ya dace a lokacin da ya dace. Amma abin kunya ne a ce sai baƙo ya tsallako teku kafin ɗan sintirinmu ya sami abin da zai ci a daji.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Shugabanninmu sun fi son aikin da ake yanka masa ƙyalle. Gina masauki kwangila ce, akwai hoto, akwai allo mai ɗauke da sunan mai girma, akwai kuma abin da ba a faɗa. Sayen batir na rediyon ɗan sintiri kuwa ba shi da biki. Saboda haka sai ka ga kasafi ya kumbura ta wajen gine-gine, ya rame ta wajen gudanar da aiki. Ɗan abin da aka rubuta ɗin ma, rubutawa daban, fitarwa daban. Malamin daji yana kwana cikin sauro, yana fuskantar mafarauci mai bindiga, wani kuma yana ofis yana sa hannu a takardar tafiya baje kolin yawon buɗe ido a ƙasar waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce, to ai babu doka. Akwai ta, barci kawai take yi. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma nauyin tsare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji. Sashe na 120 ya ce kuɗin shigar jiha su taru a asusu guda, kada a fitar da ko kwabo sai da izinin doka. Sashe na 125 ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha, ya wajabta masa miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki cikin kwana 90 daga ranar da Babban Akanta ya ba shi lissafin shekara. Sashe na 128 ya ba Majalisa ikon yin bincike domin tona asirin cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Haka kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa tsara harkar otal-otal da wuraren yawon buɗe ido hurumin jihohi ne. Ke nan babu gwamnan da zai nuna Abuja da yatsa ya ce ita ta hana shi.

Sai dai akwai wata kafa da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Shi wannan Sashe na 125 ya hana Babban Mai Binciken Kuɗi ya binciki lissafin hukumomi da kamfanonin gwamnati da kansa kai tsaye. Abin da aka yarje masa shi ne ya ba su jerin sunayen ƙwararrun masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma kai musu ziyarar duba lokaci-lokaci. Da yake gandayen daji da gidajen namun daji da masaukan gwamnati sau da yawa a ƙarƙashin irin waɗannan hukumomi suke, sai ya zamana wanda za a bincika shi ne yake zaɓen mai bincikensa, shi ne kuma yake biyansa. Idan Kwamitin Lissafin Kuɗin Jama'a na Majalisa bai tashi tsaye ya nemi rahoton ba, shi ke nan, an ba kura ajiyar nama. 'Yan Majalisarmu kuwa, waɗanda suke da kuzarin zuwa taron ƙara wa juna sani a manyan otal-otal, yaushe rabon da mu ji sun kira shugaban wata hukumar yawon buɗe ido a bainar jama'a sun ce ya kawo littafin rasit?

Mun san abin da wasu za su ce: talaka yana fama da yunwa, asibiti ba magani, makaranta ba kujera, ku kuna zancen giwa. Amsarmu ita ce, wanda ya saba cin kuɗin giwa ba zai ji nauyin cin kuɗin asibiti ba, hannun ɗaya ne. Bayan haka, dajin da hukuma ta yi watsi da shi ba ya zama fanko, wani ne yake shiga. Sambisa ta Jihar Barno gandun namun daji ce a da. Da aka yi sakaci da ita sai ta zama sansanin Boko Haram, sunanta ya zagaye duniya bayan sace 'yan matan Cibok 276 a watan Afrilu na 2014. Dajin Falgore na Kano ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu, har a 2017 sojoji suka mai da shi filin atisaye. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda yake hannun Gwamnatin Tarayya tun 1999, shi ma bai tsira daga 'yan bindiga ba, abin da yake nuna mana cewa miƙa wa Abuja ba shi ne magani ba. A duk waɗannan wurare talakan ƙauye ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan ɗan sintiri jiya, an kashe ninkinsa a kan soja da makamai, ban da rayukan da ba su da fansa.

Kada kuma a ce mana talauci ne. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ba ta kai mu arziki ba, amma raƙuman dawan yankin Kure, gabas da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, sun haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, saboda an hana farautarsu kuma an jawo mutanen ƙauyuka a jiki. Mu kuwa namu na Yankari sun ƙare ƙarƙaf. Ƙasar Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandayenta domin ƙauyukan da ke kewaye a 2005, ta ƙara zuwa kashi 10 a 2017. Manomin ƙasar Alkaleri da giwa ta tattake masa dawa cikin dare ɗaya, idan bai taɓa ganin rijiya ko aji ɗaya da aka ce daga kuɗin Yankari ya fito ba, da wane baki za a ce masa ya tona asirin mafarauci?

Masu cewa a sayar wa 'yan kasuwa a huta, su ma muna da magana da su. Ba mu ƙi a ba ƙwararre hayar masauki ko gidan abinci ba, muddin an yi talla a fili, an buga sharuɗɗan, an san nawa zai biya da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a durƙusar da wuri da gangan, sannan a miƙa wa ɗan gaban goshi a kan kuɗin goro. Daji gadon jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohinmu da Majalisunsu da su yi waɗannan abubuwa. Na farko, kowane gandu da gidan namun daji da masaukin gwamnati ya riƙa buga lissafinsa bayan kowane wata uku: yawan baƙi, kuɗin da aka tara, abin da aka karɓa daga baitulmali, da inda aka kashe. Na biyu, a daina karɓar kuɗi a hannu a ƙofa, a biya ta banki, kowa ya riƙe shaidarsa. Na uku, albashi da alawus da kayan aikin malaman daji su zama farkon abin da za a fitar, a kuma yi tanadi domin iyalan wanda ya rasa ransa a bakin aiki. Na huɗu, a yi dokar da za ta ware wa ƙauyukan kewaye kaso sananne, da diyyar amfanin gona. Na biyar, a riƙa ƙirga dabbobi a kai a kai, a buga sakamakon ko da ba shi da daɗi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shida, Kwamitin Lissafin Kuɗin Jama'a ya zauna a fili sau ɗaya a shekara a kan wannan fanni kaɗai.

Mu ma ɗalibai akwai namu aikin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma, ta kuma yanka kwana 7 domin a ba shi amsa. Jihohi da yawa sun fara sanya kasafinsu da rahoton binciken kuɗinsu a intanet tun daga 2018, lokacin da Bankin Duniya ya ɗaura tallafinsa ga yin hakan. Muna da masu karatun lissafin kuɗi, da masu karatun shari'a, da masu karatun dabbobi da gandun daji, duk a harabar nan. Muna ba Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta kafa kwamiti kafin ƙarshen wannan zango, ya zazzage waɗannan takardu, ya jera abin da aka ware da abin da aka fitar na shekara biyar, ya rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, mu kuma buga amsarsu ko shirunsu a fitowar mujallar nan ta gaba.

Ba gaba muke yi da kowa ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shugaban da hannunsa yake da tsabta ba abin da zai rasa idan aka buɗe littafi. Wanda kuwa ya fusata saboda an tambaye shi rasit, ya riga ya ba mu rabin amsa. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron ranar hisabi, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu tun a nan duniya. Amin.