Dattawa da Sabon Akawun da Ke Cikin Wayar Hannu

Duk wanda ya san bakin gidan waya ko ƙofar kotu a garuruwan Arewa shekaru hamsin da suka wuce, zai iya tuna wani mutum mai ɗan tebur da alƙalami, wani lokaci har da tafireta, wanda sana'arsa ita ce rubuta wa jama'a wasiƙa. Mutum yakan zauna gabansa ya zayyana buƙatarsa da Hausa, shi kuwa ya tsara ta da Turanci, a biya shi ladansa, a manna kan sarki. Sana'ar ta ja baya ƙwarai, amma buƙatar da ta haife ta tana nan, har ma ta ƙaru, domin yau kusan babu wata hulɗa da hukuma ko banki da ba ta bi ta rubutu da wayar hannu ba. Ga alama wani sabon akawu ya zo ya maye gurbin wancan, watau manhajojin hira masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake yi musu tambaya da magana irin ta yau da kullum su ba da amsa nan take.

Kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da ChatGPT ranar 30 ga watan Nuwamba, 2022. A cikin 2023 kamfanin Anthropic ya kawo Claude, Google kuma ya kawo Bard, wadda ya sake mata suna zuwa Gemini a farkon 2024. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar cikin WhatsApp a Nijeriya da Ghana da wasu ƙasashe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi shafar dattawa, don kuwa ya kai abin cikin wayar mutanen da ba su taɓa nemansa ba, a dandalin da suka riga suka saba gaisawa da 'ya'ya da jikoki.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na sha'awa kawai shi ne yadda harkokin tsofaffi suka koma cikin waya ba tare da an shawarce su ba. Ma'aikacin gwamnati yakan bar aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sa'an nan ya fara wata sabuwar hulɗa da takardu. Wanda ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, da dokar 2004 ta kafa aka kuma yi mata gyara a 2014, yana karɓar bayanin asusunsa ta saƙon waya ko wasiƙar intanet. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon Gwamnatin Tarayya na tsohon tsari, ta shimfiɗa a 2023 wani tsari da ɗan fansho zai tabbatar yana raye ta hanyar nuna fuskarsa ga waya ko kwamfuta. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon wannan shekara ta 2023 ya tilasta wa dattawa da yawa aika kuɗi ta waya, suna so ko ba sa so. Sakamakon haka, mutumin da ya shugabanci sashe guda a ma'aikata yakan zauna jiran jikansa ya dawo daga makaranta kafin ya san abin da banki ke nufi da saƙon da ya aiko masa. Akwai raguwar mutunci a cikin wannan jira, akwai kuma haɗari, domin ba kowane mai taimako ne mai amana ba.

A nan ne amfanin waɗannan manhajoji ya fito fili. Suna iya tsara wasiƙar koke zuwa ga kamfanin fansho, su fassara takardar haya mai sarƙaƙiya zuwa magana mai sauƙi, su taƙaita doguwar sanarwar gwamnati, su shirya kasafin cefanen wata, ko su jera tambayoyin da ya kamata a yi wa likita kafin a tafi asibiti. Wanda idonsa ya yi rauni, ko yatsunsa ba sa jin daɗin ƙananan haruffa, yana iya yi wa yawancinsu magana da baki su amsa da murya. Bugu da ƙari, ba sa gajiya. Ana iya maimaita tambaya ɗaya sau goma ba tare da an ga ɓacin fuska ba, abin da ba kullum ake samu ba a wurin yaran gida.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsohon ma'aikaci ya fi matashi shirin cin moriyar wannan abu. Ingancin amsa ya dogara ne ga ingancin umarni, kuma ba da umarni a rubuce shi ne aikin da ya yi shekaru talatin yana yi a cikin fayil. Wanda ya ce wa manhaja ta rubuta masa wasiƙa kawai, zai sami wasiƙa marar kai da gindi. Wanda kuwa ya bayyana mata wa za a rubuta wa, mene ne ya faru, tun wane wata kuɗin suka tsaya, me ake roƙo a yi, da kuma cewa kada ta wuce shafi guda, zai sami daftarin da ke buƙatar ɗan gyara kaɗan. Idan bai gamsu ba ya mayar mata ta sake, kamar yadda yakan mayar wa ƙaramin jami'i da daftari.

Sai dai wannan akawu yana da wani aibi da ya wajaba a sani tun ranar farko. An gina shi ne ta hanyar ciyar da kwamfuta ɗimbin rubuce-rubuce har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Saboda haka yana iya tsara magana mai daɗin ji wadda ba ta da tushe, ya kuma faɗe ta da irin ƙarfin gwiwar da yake faɗin gaskiya. A watan Yuni na 2023 wani alƙalin kotun tarayya a New York ya ci tarar wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000, saboda sun gabatar da hujjoji daga shari'u guda shida waɗanda ChatGPT ce ta ƙaga su, ba a taɓa yin su ba. Idan masana doka sun faɗa wannan rami, to mai neman sanin adadin maganin hawan jini da zai sha, ko yadda za a raba gado, ya fi cancantar yin hattara. Maganar magani ta likita ce, rabon gado na alƙali da malamai ne, kuma duk aya ko hadisin da manhaja ta kawo sai an duba shi a littafi kafin a yaɗa. Ƙa'idar ofis ita ce ta dace a nan: akawu ya tsara, mai sa hannu ya karanta, domin alhakin takarda yana kan wanda ya sa mata hannu.

Haɗari na biyu ya shafi sirri da dukiya. Abin da aka rubuta wa manhaja yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta, kuma ana iya adana shi. Don haka lambar BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar sirri ta katin banki, da lambar nan da banki ke aikowa don tabbatar da biya, ba abubuwa ne da za a sanya cikin hira ba. Mai son a bayyana masa wata takarda sai ya rufe sunansa da lambobinsa kafin ya ɗauki hotonta. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta kuma kafa mata hukuma, amma doka ba ta cika maido da kuɗin da suka riga suka fita ba. Har ila yau, 'yan damfara su ma sun sami wannan fasaha. Saƙonsu ya daina zuwa da gurɓataccen Turancin da ake gane su da shi a da, kuma akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa. Idan murya mai kama da ta ɗa ko jika ta nemi kuɗi da gaggawa, abin yi shi ne a kashe waya a kira shi ta lambar da aka sani.

Sa'an nan akwai batun harshe. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma manyan manhajojin hira suna amsawa da Hausa, amma ƙwarewarsu a cikinta ba ta kai ta Turanci ba, domin rubutun Hausa da suka koya daga gare shi kaɗan ne. Sukan zubar da ƙugiyar haruffa, su cuɗa jinsin namiji da na mace, ko su kawo kalmar da ba Bahaushen da ke faɗinta. A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wani tsari da aka gina don Hausa da Yarbanci da Igbo da Turancin Nijeriya. Mataki ne mai kyau, amma dattijuwar da ba ta yi boko ba, wadda ita ce ta fi buƙatar mai karanta mata takarda, ita ce har yanzu ta fi nisa da wannan amfani.

Ga mai son farawa, hanya mafi aminci ita ce wani amintacce ya sauke masa manhajar ta asali, domin akwai na jabu masu kama da ita, kuma ya tsaya ga ta kyauta, wadda ta isa ayyukan yau da kullum. Daga nan ya gwada ta da abin da ya riga ya sani sarai, kamar tarihin garinsu ko ƙa'idojin aikin da ya yi. A nan zai ga inda take daidai da inda take shaci-faɗi, kuma wannan darasi ya fi duk wani gargaɗi tasiri.

Sauran aikin na hukuma ne da al'umma. Yankin nan ya taɓa fuskantar irin wannan giɓi, ya kuma tunkare shi da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sa'an nan Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya a 1980. Irin waɗannan hukumomi suna nan a jihohi, akwai ƙungiyoyin 'yan fansho, akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da dokar 2017 ta tanada. Babu abin da zai hana su shirya azuzuwa na 'yan makonni, da Hausa, a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, tare da shirye-shiryen rediyo masu bayyana amfanin abin da haɗarinsa a lokaci guda. Ya kamata kuma ma'aikatu su sanya wannan darasi cikin bitar da ake yi wa masu shirin barin aiki. Ɗalibai su ma suna da nasu kason. Maimakon karɓe wayar tsoho a yi masa aikin cikin minti ɗaya a miƙa masa, gara a zauna kusa da shi, wayar tana hannunsa, har ya aika wasiƙarsa ta farko da kansa.