Da Gaske Ne Sai Na Ƙwaƙule Idona?



Ran Laraba, bayan mun tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki, wani ɗan zumuntarmu ya tare ni a bakin ƙofar majami'a. Ya ce, "Baba Fasto, abokin karatuna ya ƙure ni. Ya buɗe mini Matiyu sura 5, inda Yesu ya yi maganar ƙwaƙule idon da ke jefa mutum cikin zunubi. Ya ce in dai mun gaskata littafinmu, don me bai taɓa ganin Kiristan da ya cire idonsa ba? Ko muna zaɓen abin da ya yi mana daɗi ne?"

Na ji daɗin tambayar, kuma na san yawancinku kun sha irinta a makaranta ko a wurin aiki. Amsata ita ce: mun gaskata dukan Littafi Mai Tsarki hurarriyar maganar Allah ce, gaskiya ce daga Farawa har littafin ƙarshe. Amma gaskata magana shi ne ka karɓe ta yadda mai maganar ya nufa.

Wannan kun riga kun iya shi tun daga gida. In ka yi dare a waje, mama ta ce cikinta ya ɗuri ruwa, ba wanda zai kai ta asibiti a zuƙe mata ruwan, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Tsoronta na gaske ne. Amma in ta miƙa maka bokiti ta ce ka je ka ɗebo ruwa, kada ka kuskura ka ce mata karin magana take yi. Baki ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, kai ne ka san bambancin.

Littafin da ke hannunmu tarin littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. An rubuta su da Ibrananci da Helenanci, da ɗan Aramiyanci a cikin Daniyel da Ezra. Sai a 1932 aka fara buga shi cikakke da Hausa. A ciki akwai tarihi, dokoki, waƙoƙi, karin magana, misalai, wasiƙu da wahayi. Kowanne da yadda ake karanta shi. Sa'ad da mai zabura ya kira Allah dutsensa, ba ya nufin Allah falalen dutse ne. Yana nufin wurin da ba ya girgiza in komai ya girgiza. A Karin Magana sura 26, aya ta 4 ta hana ka amsa wa wawa, aya ta 5 kuma ta ce ka amsa masa. Marubucin bai ruɗe ba. Yana koya maka cewa mai hikima ya san lokacin yin shiru da lokacin buɗe baki.

Yesu da kansa ya sha gyara wa mutanen da suka tsaya a kan fatar magana. Ya gaya wa Nikodimu sai an sāke haifar mutum, Nikodimu ya kama lissafin yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Ya yi wa Basamariya zancen ruwan rai, ta ce ai ba shi da guga. Ya gargaɗi almajiransa a kan yistin Farisiyawa, suka ɗauka don sun manta da gurasa ne, har ya tsawata musu. To, haka batun ido yake. Makaho ma yana iya yin sha'awa a zuciyarsa, don haka cire ido ba zai warkar da zunubi ba. Abin da Yesu ke cewa shi ne ka rabu da duk abin da ke jan ka zuwa zunubi, kome darajarsa a wurinka. Ga wani a cikinmu, wannan idon yana cikin wayarsa ne. Ga wata kuma, wata abota ce da ta san ba ta da amfani. Wannan fahimta ba ta sauƙaƙa ayar ba ko kaɗan.

Karatu marar lura yana kashe mutum. A 1991 wani da ke kiran kansa annabi ya shiga wurin zakuna a gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, yana so ya maimaita abin da ya faru da Daniyel. Zakunan suka kashe shi. Ya manta cewa Daniyel jefa shi aka yi saboda ya ƙi daina addu'a, bai shiga don a tafa masa ba. Ku tuna, Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 don ya sa Yesu ya diro daga kan Haikali, Yesu kuwa ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Saboda haka in wani ya ɗauko aya ya ce ka zubar da maganin da likita ya ba ka don ka nuna bangaskiya, ka tambaye shi me ya sa annabi Ishaya ya sa a shafa wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, kuma me ya sa Bulus ya kira Luka likita ba tare da ya zarge shi ba.

Amma kada wani ya fita daga nan yana cewa Fasto ya ce komai misali ne. A'a. Luka ya ambaci sunan Kaisar Tibariyas da Bilatus da Hirudus don ka san tarihi yake rubutawa. An gicciye Yesu a kan itace na gaske, aka binne shi, ya tashi da jiki. Ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, ya nuna wa Toma raunukansa. A 1 Korintiyawa 15 Bulus ya ambaci shaidu fiye da 500, ya kuma faɗa a fili cewa in tashin nan bai faru ba, bangaskiyarmu ta tashi a banza. A nan babu zancen kamance.

Akwai wuraren da masu bi na ƙwarai suka bambanta, kamar tsawon kwanakin halitta a Farawa sura 1. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, bai ɗauke su kwanaki irin namu ba, wasu malamai kuwa sun ɗauke su haka. Dukansu sun yarda Allah ne ya halicci kome. Kada ka kori ɗan'uwanka daga bangaskiya a kan irin wannan.

Yanzu ga inda nake ganin abokin ɗan'uwanmu ya taɓa mu a inda ke ciwo. Lalle mukan yi zaɓe. Ayar da ta yi alkawarin albarka, mukan riƙe ta kalma da kalma, mu manna ta a bayan mota. Amma in aka zo kan ƙaunar maƙiyi da yi wa mai tsananta mana addu'a, sai mu fara cewa ai Yesu bai san halin da muke ciki ba. Na san wasunku sun rasa gida ko ɗan'uwa a rikici, ba na raina wannan zafin. Duk da haka, umarnin nan ba karin magana ba ne. Yesu ya aikata shi a kan gicciye, Istifanas ma ya aikata shi ana jifansa. Haka gudun fasikanci, haka faɗin gaskiya a ɗakin jarrabawa, haka kula da gwauruwa da maraya.

In ka buɗe Littafinka gobe da safe, ka yi wa nassin tambaya uku. Wane irin rubutu ne wannan? Wa aka fara faɗa wa, kuma me ke gabansa da bayansa? Me sauran Littafi ya ce a kan batun? In ya shige maka duhu, kawo shi zumunta mu duba tare. Habashen nan na Ayyukan Manzanni sura 8 babban ma'aji ne, amma bai ji kunyar neman Filibus ya bayyana masa Ishaya ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu Ruhunka Mai Tsarki ya buɗe mana maganarka. Ka tsare mu daga murɗa ta, ka ba mu ƙarfin aikata abin da muka riga muka gane. Cikin sunan Yesu, amin.